Gyaran Gangar Auzinawa: Nazarin Hukuncin Lotsawa a Jikin Tsofaffin Kayan Kiɗa na Ƙarfe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata tambaya da kan taso a gidajen makaɗa da makarantu da ɗakunan adana kayan tarihi, wato ko ya dace a miƙar da lotsawar da ta sami tsohon kayan kiɗa na ƙarfe, ko kuwa barin ta ya fi alheri. An ɗauki kayan kiɗa uku, faifan tagulla na 'yan badujala da kuge da kakaki, aka auna tambayar da yanayin ƙaramin gari irin Durun da ke Ƙaramar Hukumar Kabo a Jihar Kano. Maƙalar ta nuna cewa hukuncin ya rataya ne a kan nau'in ƙarfen da kuma wurin da amo yake fitowa, kuma kunne ne ya cancanci yanke shi, domin amon da aka sauya da guduma ba ya komawa yadda yake.

Fitilun Kalmomi: kuge, kakaki, badujala, tagulla, ƙira, adana kayan tarihi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce an yi gyaran gangar Auzinawa idan aka taɓa abu da niyyar gyara sai ya tashi ya fi da lalacewa. Ba banza ba wannan karin magana ta ɗauko misalinta daga kayan kiɗa. Tukunya ko fartanya idan an gyara, ido yana iya shaida ko gyaran ya yi. Kayan kiɗa kuwa yana iya fitowa daga hannun mai gyara sumul, ya ƙayatar da mai kallo, amma da an buga shi a tarar muryarsa ta tafi.

Nazarin waƙar baka a jami'o'in ƙasar nan ya daɗe da ba kayan kiɗa gurbi, musamman tun bayan fitowar Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau a 1993, kuma kafin nan David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallan amfani da su a littafinsu na 1971. Sai dai akasarin hankali ya fi karkata ga suna da siffa da aikin kowane kayan kiɗa. Tambayar yadda za a yi da shi idan ya tsufa ya ji rauni ta fi zama a hannun mai shi da maƙerin garinsu.

Durun gari ne kuma mazaɓa a Ƙaramar Hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo, a yankin da hanyar Kano zuwa Gwarzo ta ratsa bayan ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero. A gari irin wannan, tsohon kayan kiɗa yana zaune ne a hannun wanda ya gaje shi ko a ɗakin ajiyar makaranta, kuma mai gyaran da ya fi kusa shi ne maƙeri ko mai walda ko mai gyaran jikin mota. Dukkansu gwanaye ne a sana'arsu, kuma dukkansu za su iya miƙar da lotsawa cikin 'yan mintoci. Wannan sauƙin ne ya sa tambayar ta cancanci nazari.

2.0 Matsalar Suna

Faifan da ake magana a kai shi ne wanda Turawa ke kira simbal: faifai biyu na tagulla da ɗan badujala ke gwarawa a lokacin fareti, ko guda ɗaya da ake kafawa a kan sanda kusa da gangunan zamani. Baƙo ne a ƙasar Hausa. Makaɗan sojan Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne suka yi fice da shi, sojojin Turai suka kwaikwaye su a ƙarni na 18, daga nan ya iso nan tare da badujalar soja da ta 'yan sandan Turawan mulkin mallaka, kafin ya gangaro makarantu. Da masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa suka zo kansa, kalmar kuge suka ara masa. Aron yana da hujja, domin a rabe-raben kayan kiɗa da Hornbostel da Sachs suka fitar a 1914, faifan da kuge gida ɗaya suke: kayan da jikinsu ne da kansa yake karkarwa ya ba da amo, babu fata, babu tsirkiya, babu iskar da ake hurawa.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari. Kalmar tagulla a bakin mutane tana ɗaukar ƙarafa fiye da ɗaya. Akwai jan ƙarfe zalla. Akwai jan ƙarfen da aka gauraya da tutiya, mai launin ɗorawa, irin na tasa da tire. Akwai kuma wanda aka gauraya da kuza, irin wanda ake zuba ƙararrawa da shi. Domin sauƙin bayani, wannan maƙala za ta kira na biyun tagullar tutiya, na ukun kuma tagullar kuza. Suna ɗaya suke amsawa a kasuwa, amma halinsu a gaban wuta da guduma ya sha bamban.

3.0 Abin da Lotsawa Take Yi wa Ƙarfe

Idan ƙarfe ya lotsa, abu biyu ne suka faru a wurin. Na farko, ƙarfen ya miƙe ya ƙara faɗi kaɗan, kamar yadda gwiwar wando kan saki. Na biyu, wurin ya ƙara tauri ya rage juriya. Duk yaron da ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san wannan hali, ko da bai san dalilinsa ba. Ke nan mai mayar da lotsawa da guduma yana lanƙwasa ƙarfen ne karo na biyu a daidai inda ya riga ya gaji, kuma rarar faɗin da aka samu ba ta da wurin komawa, sai dai ta bazu ta zama wani ɗan tudu a gefe.

3.1 Faifan Badujala

Faifai masu daraja ana yin su ne da tagullar kuza, kashi 80 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 20 kuza. Gidan Zildjian, wanda ya faro a Santambul a 1623 kuma reshensa ya kafu a Amurka a 1929, shi ne ya fi shahara da wannan haɗi. Ana zuba curin ƙarfen, a gasa shi, a murje shi a tsakanin na'urori sau da dama har ya yi faɗi, a tsoma shi a ruwa, sannan a bi shi da guduma ɗaruruwan bugu, a ƙarshe a kankare fuskarsa a kan injin juyi, wanda shi ke barin siraran zobban da ake gani a jikinsa. Abin lura a nan shi ne, amon faifan daga bugun guduma aka gina shi. Kowane bugu ya bar wani ɗauri a cikin ƙarfen, kuma jimlar waɗannan ɗaure-ɗaure ita ce muryar wannan faifai shi kaɗai. Wanda ya sake ɗora masa guduma ya shiga cikin aikin maƙerin farko, ba tare da ya san lissafin da aka yi ba.

Sai batun wuta, kuma a nan ne ƙwarewar maƙerinmu take iya zame masa tarko. Maƙerin baƙi ya gaji ilmin cewa idan aka gasa ƙarfen wuƙa ya yi ja aka tsoma shi a ruwa, tauri yake yi, idan kuwa aka bar shi ya huce a hankali, sai ya yi laushi. Tagullar kuza mai kashi 20 akasin haka take yi. Tsomawa cikin ruwa tana da zafi ita ke sa ta karɓi guduma, hucewa a hankali kuwa ita ke mayar da ita mai saurin fashewa kamar tangaran. Saboda haka idan aka hura wa gefen faifai wuta domin a tausasa lotsawa, aka ajiye shi ya huce, an samar da wani yanki mai gautsi a tsakiyar lafiyayyen ƙarfe. Ba lalle ya tsage a maƙera ba. Yana iya jira sai ranar fareti.

Yawancin faifan da makarantu ke saye masu araha ne, na tagullar tutiya, kuma waɗannan sun fi haƙuri. Idan bakinsu ya lanƙwashe ana iya dafa shi a kan katako mai laushi, a bi shi a hankali da gudumar itace, ba tare da wuta ba. Ko an yi asarar wani abu na amo, ba mai yawa ba ne, kuma ana samun madadinsa a kasuwa. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne tsohon faifai mai nauyin tarihi, wanda hatimin maƙerinsa yake jiki.

Gwajin da ya dace ba shi da wuya. A zura igiya ta hujin cibiyarsa a rataye shi, a ɗan taɓa shi da sanda mai laushin kai, a saurara. Idan amon ya tashi ya daɗe yana shiɗewa a hankali, lotsawar ta tsaya a matsayin tabo, kuma barin ta ya fi. Idan amon ya yanke da wuri ko aka ji wani zizar da ba a saba ji ba, to a bi gefen faifan da farce a nemi tsaga. Tsaga hukuncinta daban ne, domin tana tafiya da kowane bugu. Masu gyara kan huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta ko su yanke wurin gaba ɗaya, kuma sun san jinkiri kawai suke saya.

3.2 Kuge

Kuge shi ne ɗan gida a wannan rukuni. Ƙararrawa ce ta baƙin ƙarfe marar harshe a ciki, sau da yawa mai baki biyu a haɗe, ana buga ta da ƙaho, kuma tana cikin kayan sarauta da na shela. Ba ƙasar Hausa kaɗai ta san irinta ba: Yarbawa suna da agogo, Ibo suna da ogene, kuma Jan Vansina ya yi nazari a 1969 kan yadda irin waɗannan tagwayen ƙararrawa suka bazu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a matsayin alamar mulki.

A zahiri kuge bai kamata ya ji tsoron maƙera ba, tunda a can aka haife shi. Philip Jaggar, a nazarinsa na maƙeran birnin Kano da aka buga a 1994, ya fayyace rabuwar sana'ar zuwa maƙeran baƙi da maƙeran fari, kuma kuge na maƙeran baƙi ne. Baƙin ƙarfe yana karɓar wuta, a gasa shi, a miƙar, ya huce lafiya. Da a ce sabon kuge ne ya faɗo daga kan doki ya lotsa, babu abin tattaunawa.

Tsohon kuge kuwa yana da abubuwa uku da ke sa a dakata. Tsatsa ta riga ta ci kaurin bangonsa, ta yadda wurin da ido ke gani lafiyayye yana iya zama ɓawo ne kawai. Gefunansa, inda aka haɗa fallayen ƙarfe biyu da wuta da bugu, suna iya buɗewa idan aka sake gasa shi. Sannan idan ya kai shekarun da za a ce da ƙarfen tama aka ƙera shi, wato wanda aka narka a gida kafin ƙarafan jirgi da na mota su kashe wannan sana'a a zamanin Turawa, to jikinsa kansa hujja ce ta tarihin fasaha, kuma babu inda za a samo irinsa a yi masa ƙari. Walda ta lantarki ita ce mafi muni a nan. Tana ƙona siririn bango, tana kuma barin dunƙulen baƙon ƙarfe da ke danne karkarwar wurin.

Akwai wani dalili da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Bakunan kuge biyu sauti biyu suke bayarwa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma tsayin kowane sauti ya dogara ga tsawon bakin da kaurinsa da siffar buɗewarsa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma sanannen abu ne cewa kayan kiɗan fada suna kwaikwayon hawa da saukar murya su faɗi take ko kirari. Tazarar da ke tsakanin sautukan nan biyu, ke nan, bayani ce da manazarci zai so ya same ta yadda kunnen mutanen da suka gabata ya amince da ita. Bugu kaɗan a bakin kuge ya isa ya matsar da ita. Haka nan ba kowace loɓawa ce haɗari ya kawo ba. Wadda take daidai inda ƙaho ke sauka, shekaru ne suka sassaƙa ta, kuma tana nuna inda mabugan gidan suke bugu da yadda suke riƙo.

3.3 Kakaki

Kakaki ya saɓa wa biyun farko, kuma hukuncinsa ya fi sauƙi. Tarihin Kano da Palmer ya fassara ya buga a 1908 ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faro. Doguwar ƙaho ce ta siririn ƙarfe mai gaɓoɓi da ake harhaɗawa, kuma abin da ke karkarwa a cikinta iska ce. Lotsawa tana ƙuntata wa iskar hanya, idan kuma ta faɗa a mahaɗar gaɓoɓi sai ta hana su kamawa, iska ta riƙa zurara. A nan gyara mayar da amo yake yi. Akan zura sanda mai santsi ta ciki a murza wurin a hankali har ya taso, kuma aikin masu sarrafa farin ƙarfe da tagulla ne. Kakakin da ake busawa a gyara shi. Wanda aka riga aka jingine domin tarihi ne kaɗai ba shi da bukatar hakan.

4.0 Ido da Kunne

Al'adar Bahaushe ba ta ƙyamar gyara, ba ta kuma ɓoye shi. Sana'ar gyartai shaida ce: ɗinkin ƙwarya a fili yake, kuma babu uwargidan da ke jin kunyar ƙwaryarta don an ɗinke ta. Ganga kuwa ana sauya mata fata da tsirkiya sau da dama, ana ci gaba da kiran ta gangar kakan wane. Wannan fahimta ta yi kusa da abin da Takardar Nara ta 1994 ta tabbatar, cewa sahihancin abin tarihi a cikin al'adar masu shi ake auna shi. Ita kuwa Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda gine-gine ta fi shafa, ta gargaɗi mai gyara da ya tsaya a inda sani ya ƙare zato ya fara. Faifai da kuge sun fi dacewa da gargaɗin na biyu, domin ba su da fatar da za a sauya. Jikin da za a buga wa guduma shi ne muryar.

Dole kuma a yi hattara da kunnen da za a ba alƙalanci. Kunnen da ya saba da kiɗan Turai yana iya ɗaukar duk wani ziza a matsayin aibi, alhali makaɗan Hausa da gangan suke nemansa: ceba, wato ɗan fallen ƙarfe mai zobba da ake maƙalawa a kan garaya, aikinta ke nan, haka ma tsirkiyar da ake gittawa a fuskar ganga. Wanda zai iya bambance zizar da aka gada da zizar da tsaga ta kawo shi ne wanda ya tashi yana jin wannan kuge tun yana yaro.

Manyan ƙararrawa biyu na duniya sun ba da misalin hanyoyin biyu. Big Ben ta Landan, mai nauyin fiye da tan 13, ta tsage a 1859, watanni kaɗan da fara aikinta. Ba a sake zuba ta ba. An ɗan juya ta domin guduma ta riƙa sauka a wani wuri, aka sa guduma marar nauyi, kuma amon da masu sauraron BBC suka sani har yau amon tsagaggiyar ƙararrawa ne. Ƙararrawar 'Yanci ta Filadelfiya a Amurka kuwa an faɗaɗa tsagarta a 1846 domin gefunan su daina gogar juna. An buga ta a bikin tunawa da haihuwar George Washington a watan Fabrairu na wannan shekara, sabuwar tsaga ta ɓulla, ba ta sake yin amo ba.

5.0 Kafin a Ɗaga Guduma

A ɗauka, alal misali, wani gidan makaɗa a Durun yana da kugen gado da ya lotsa a gefe, ga kuma salla ta matso, lokacin da hakimai da jama'arsu ke shirin hawa. Tun da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, idon baƙi da na masu ɗaukar hoto ya ƙaru, kuma sha'awar a fito da komai yana ƙyalli za ta ƙaru tare da shi. Hukuncin na masu gidan ne da shugabannin sana'arsu. Manazarcin da ya iso da takarda da alƙalami ba shi da hurumin hanawa ko umartawa, amma yana da abin da zai iya bayarwa.

Abu na farko shi ne naɗar amon kafin kowa ya taɓa kugen. Wayar hannu ta isa: kowane baki shi kaɗai, sannan taken da aka saba bugawa, daga hannun mabugin gidan, a wuri marar hayaniya. A ɗauki hotonsa ta kowace fuska da ma'auni a gefe, a rubuta abin da masu gidan suka sani game da wanda ya ƙera shi da yadda lotsawar ta samu. Idan kunnen mabugin ya ce muryar tana nan, magana ta ƙare. Idan ya ce ta dushe, akwai mafitar da ta fi gyara, wato a kai wa maƙerin baƙi tsohon ya duba ya ƙera sabo a kan siffarsa, sabon ya riƙa fita hawa, tsohon ya huta. Ta haka maƙerin ya sami aiki, ilmin ƙirar kuge ya sake ratsa hannun mai rai.

Yana da kyau masu gidan su san matsayin abin da ke hannunsu a doka. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida a matsayin kayan tarihi idan an yi shi kafin 1918, ko kuma idan yana da muhimmancin tarihi kuma an yi amfani da shi a bikin gargajiya, ta kuma taƙaita cinikinsa da fitar da shi waje. Gidan Makama a birnin Kano yana ƙarƙashin wannan hukuma, kuma nan ne wuri mafi kusa da za a nemi shawarar ma'aikatan adana kaya.

Saura wani nau'in gyara da ba a ɗaukarsa gyara, wato wanki. A gidajen Hausawa toka da tsamiya ko lemun tsami su ne maganin dushewar tasa, kuma hannu yana saurin kai su ga duk wata tagulla da ta yi duhu. A jikin tsohon faifai, wannan duhun rufi ne da ƙarfen ya yi wa kansa, kuma masu tara irin waɗannan faifai suna ƙimanta shi. Dirza da toka ko yashi tana cin siraran zobban da injin juyi ya bari, tana kuma shafe hatimin maƙeri, wanda sau da yawa shi kaɗai ne abin da zai nuna garin da aka yi faifan da zamanin da aka yi shi. Busasshen ƙyalle ya wadatar. Kuge kuwa a ɗauke shi daga ƙasan ɗaki kafin damina, a rataye shi inda iska ke ratsawa, a shafa masa ɗan mai kaɗan a ciki da waje.